Amsar da Aka Ɗauko a Waya

Ana gab da magariba famfon tsakar gida ya buɗe kansa. Mai gyaran agogo ya tashi ya rufe. Kafin ya zauna, na banɗaki ya buɗe. Sai tsakuwoyi suka fara sauka a kan rufin kwano ɗaya bayan ɗaya, kowace a jiƙe sharkaf.

Kwana uku ke nan da ya kai autarsa kallon babban ruwan da ke zubowa daga kan dutse. Jagora ya raba musu rigunan leda, ya bi da su ta wata siririyar hanya har bayan ruwan, inda ƙara ke girgiza ƙirji. A bakin shiga ya ce kowa ya kashe waya. Shi kuwa mai gyaran agogo ya zaci gudun jiƙewa ne, sai ya naɗe tasa a leda ya ɗauki ƙarar, minti bakwai cif, don uwargidansa ta ji.

Auta ta daina cin abinci. Kullum rana ta faɗi sai ta zauna kusa da famfo, ta karkata kai kamar mai jiran kira.

“Baban Auta, wannan ba zazzaɓi ba ne,” in ji uwargida.

Rana ta biyar aka kira malam. Ya daɗe yana karatu kafin yarinyar ta buɗe baki, da muryar tsohuwa, a dishe.

“Ɗana ya faɗa ruwan nan tun ba a sari hanyarku ba. Kullum ina kiransa. Ranar nan ya amsa, sau ɗaya tak, wannan mutumin ya kwashe amsar ya sa a aljihu. Ya riƙe nawa, na riƙe tasa.”

“Baiwar Allah, bai sani ba,” malam ya ce. “In kin ji, za ki tafi?”

“In na ji.”

Uban ya ɗauko wayar ya kunna. A baya ya saurari abin nan ya fi sau goma, bai taɓa jin komai ba sai rugugi. A minti na huɗu fuskar Auta ta saki, hawaye suka zubo.

“Na’am, ɗana,” ta ce a hankali. “Ga ni nan.”

Famfo ya tsaya. Yarinyar ta sulale jikin uwarta. Uban ya durƙusa, ya kira sunanta sau ɗaya, ya kasa sake kira.

Can ta motsa.

“Na’am, Baba.”