Ɗigo na Ɗari Uku

Ranar Talata, 17 ga Satumba, 2024, gari ya waye da hadari mara ruwa. Gumi ya riga rana fitowa. Zulaihatu ta bar Konni da asuba, ta wuni a gidan likita na wani ƙauye bayan Illela tana huda diddigen jarirai.

Shekara uku ke nan tana gwajin wata 'yar gilashi da ba ta fi pus ɗin waya, wato katin sim, girma ba. A cikinta akwai magudanai siraran da ba su kai kaurin gashi ba. Ana ɗiga jini a bakin, ya bi hanya da kansa, cikin minti biyar ya nuna ko yaro na da amosanin jini. Kwamitin jami'a a Yamai ya ce sai yara ɗari uku za a karɓi aikin. Takardar izininta kuwa a ranar take ƙarewa, sabuwa sai an shekara. Da la'asar ta rufe rajista a kan ɗari biyu da casa'in da tara. Ta jira har matan suka watse. Babu wadda ta ƙara zuwa.

A hanyar dawowa motar ta yi zafi, ta tsaya tsakanin gonakin gero. Direba Abdulƙadir, dattijo mai ƙarancin magana, ya ɗauki jarka.

"Akwai tabki can ƙasa, Madan. Yanzu ni dawo."

Ta zauna a bakin ƙofar motar ta cire takalmi. Shekararta arba'in da shida, bayanta na ciwo. Rana ta kusa faɗuwa. Kwaɗi sun fara. Iska na ɗauke da warin ɗanyen kara da na injin da ya gaji.

Sai kwaɗin suka yi shiru.

"Sannu da aiki, lokotoro."

Mace ce a bakin gona, da goyo a lulluɓe, take kiran ta likita da harshen yankin. Zulaihatu ba ta ji motsin kara ba.

"Ke ce mai awon jinin yara? Mun taho, munka iske kin tashi."

Da wata rana ce da ta ce a zo gidan likita. Amma ta dubi rajista a kan kujera, ta dubi agogo. Ranar ba ta ƙare ba tukuna.

Ta buɗe akwati a bayan mota. Kamar kullum, ta karanta takardar amincewa da baki: ɗigo ɗaya za a ɗauka, babu tilas, kuma mai jini na da haƙƙin jin sakamako. Ta dangwala yatsan matar a tawada, ta danna a takarda da rajista, ta miƙa mata kwafinta, mai suna da adireshin mai bincike a ƙasa.

"Sunan yaron?"

"Rubuta wanda kika so."

"Watansa nawa?"

"Ya daɗe."

Matar ba ta sauke goyon ba. Ƙafa kawai ta zaro daga ƙarƙashin zane. 'Yar ƙafa ce, tsawon yatsa biyu. Da Zulaihatu ta shafa auduga, sai ta ji kaushi. Diddigen duk faso ne, irin na tsohon da ya ƙare rayuwarsa ba takalmi.

Sau uku ta soka allura kafin jini ya fito. Sanyinsa ya ratsa safar hannunta.

Ta ɗiga. Ɗigon ya shiga magudana, ya kai rabi, ya tsaya. Sannan ya juyo. Ya dawo a hankali har bakin gilashin, ya taru, ya zauna kamar yana kallonta.

Ruwa ba ya komawa baya a waɗannan hanyoyi. Ita ta zana su. Gajiyayyen kanta ya ba ta amsar da ya saba: zafi ya ɓata gilashin. Dokar aikin kuma a fili take, in sakamako ya rikice, a gwada da jinin da aka sani.

Ta cire safa, ta huda yatsanta.

Ɗigo ɗaya ya shiga sabon gilashi, ya bi hanyarsa lafiya lau. Na biyu ya zame, ya faɗa ƙasa.

Ƙasar ta tsotse shi. Ta ji ƙarar da kunnenta.

Goyon ya motsa.

"Ya ji," in ji matar, a hankali. "Kin karɓi nashi, kin ba shi naki."

Hannu ya kama wuyan hannun Zulaihatu. Ba na matar ba ne, nata biyun suna riƙe da takarda. Daga ƙarƙashin zanen ya fito. Dogo. Busasshe.

Ya ja yatsan zuwa cikin lulluɓin.

Ta ji leɓɓa. Ta ji haƙora, cikakku.

Ta nemi addu'a, bakinta ya ƙi. Sanyi ya hau hannunta, ya kai gwiwa, ya kai kafaɗa. Gonar ta fara duhu daga gefe-gefe.

Can cikin gero muryar Abdulƙadir ta tashi. Ganin lokaci ya yi, ya tsaya yana kiran salla shi kaɗai, da shaƙaƙƙiyar muryarsa ta mai shan taba.

Haƙoran suka saki.

Matar ta ninke takardar gida huɗu, ta soke a ƙugu.

"Sakamakon fa, lokotoro?"

"Ban... ban sani ba."

"To za mu zo har gida mu ji."

Karan gero bai motsa ba da ta shiga.

Abdulƙadir ya iske Zulaihatu zaune a ƙasa, yatsa a dunƙule cikin mayafi. Ya dubi akwatin a buɗe, ya dubi inda ɗigon ya faɗi.

"Jini kinka zubar a ƙasa da magariba, Madan? Ko ruwan zahi ba a zubarwa wanga lokaci sai da bisimilla."

"Na manta, Malam."

"Boko ya ci ki. Tashi mu tahi."

Suka hau kwalta, suka bi bayan wata motar siminti zuwa Tsarnawa.

Hudar ba ta warke ba. Da rana a bushe take. Da an kira magariba sai ta tsatso ɗigo ɗaya, kuma a lokacin ne ake sallama a ƙofar gidanta, sau ɗaya, da muryar mace. Ta daina amsawa. Ba a daina zuwa ba.

Rajistar na kan teburinta. Layi na ɗari uku yana da kwanan wata, yana da dangwalen yatsa, suna da sakamako ne kawai babu. Wa zai bincika? Sau biyu ta ɗauki biro. Amma dangwalen baƙin tabo ne sumul, babu zane ko ɗaya a cikinsa, kuma ta san duk abin da ta rubuta a layin, shi za a zo karɓa.

Ta ja layi a kai. Ta rubuta wa Farfesa Mahamudu, mai kula da aikinta, cewa yara ɗari biyu da casa'in da tara ta samu, adadin bai cika ba, kuma ba za ta nemi sabon izini ba. Ta roƙe shi ya ba wani ɗalibi zanen gilashin, don yana aiki, yara kuma na bukata. Ba ta faɗi dalili ba.

Kwana goma sha ɗaya wasiƙar ta yi a jakarta. Ranar Litinin ta shiga gidan waya da hantsi, ta miƙa ta da hannun hagu. Ma'aikacin ya buga hatimi, ya jefa ta cikin buhun Yamai.

"Shi ke nan, Hajiya?"

"Shi ke nan," in ji ta.