Akwatin da Ba Shi da Ƙofa

Ranar da ta fara shigowa shagonsa, kafintan yana da ƙusoshi a baki, shi ya sa bai amsa sallamarta da wuri ba. Daga baya ya riƙa cewa ƙusoshin ne suka rufa masa asiri, don da bakinsa a sake yake da ya faɗi wauta.

"Akwati nake so," in ji ta. "Mai tsaga a sama, yadda takarda za ta shiga."

Ya zube ƙusoshin a tafin hannu. "Asusu ke nan."

"Akwatin zaɓe. Ni malama ce a makarantar da ke bayan tasha. 'Yan ajina za su zaɓi monita."

"A zamaninmu malami ke nuna yaro da bulala, ya ce kai ne monita."

"Shi ya sa har yau 'yan zamaninku in aka nuna musu bulala sai su ɗauka an gama zaɓe."

Ya yi dariya har garin katako ya shige masa hanci. Ta bar masa lambar waya don ya sanar da ita in ya gama. Aikin wuni ɗaya ne, amma ya ja shi kamar ginin masallaci, kullum da tambayar da zai aika.

"Malama, barka da yamma. Tsagar nan, yaya faɗinta zai kasance? Mai zarto."

"Yadda takarda za ta shiga, hannu ba zai shiga ba. Ai jiya ka tambaya."

"Jiya amsar nake nema. Yau mai amsar."

Yana aikawa ya fara zagin yatsunsa. Can sai ga saƙo: "Allah ya shirye ka, Mai zarto. Ka ci abinci?"

Duk namijin da aka taɓa yi wa wannan tambaya ya san abin da ya samu. Wanda aka daina yi wa ya fi shi sani.

Da kansa ya kai akwatin makaranta, ya tsaya a bakin taga yana sauraro. Tana gaya wa yara cewa ba a hukunta mutum sai an ji ta bakinsa, ko da akuyar da aka sace a kafaɗarsa aka gan ta. A layin gaba ya hango 'yar yayarsa, wadda ke cikin masu takara, tana murguɗa masa baki.

Daga nan ya fara zuwa gidansu malamar. Mahaifinta tsohon hedimasta ne, mutumin da ya yi ritaya daga makaranta amma bai yi ritaya daga ba da umarni ba. Akwai kuma wani mai sayar da motoci da ke zuwa neman aurenta, yana kaɗa makulli a yatsa, yana cewa "gaskiya ne, Baba" tun kafin tsohon ya kai ƙarshen magana. Tsofaffi na son irin wannan suruki, kamar yadda suke son kujera mai laushi.

Ranar zaɓe kafintan ya rufe shago ya zo kallo. Yara suka jefa ƙuri'a, aka kaɗa ƙararrawar tara, aka kira malamar ofis. Ya matsa yana shafa aikinsa, sai ya lura da abin da ya manta. Akwatin ba shi da ƙofa. Hannun da ya saba ƙera asusu ya bi ya ƙusance shi ta ko'ina. Kunya ta kama shi. Ya za a yi ta zo ƙirga a gaban yara ta rasa ta inda za ta buɗe? Ya ɗaura akwatin a bayan babur, ya kai shago, ya yanka masa ƙofa mai kyau, ya dawo da shi kafin a koma aji, yana jin kansa gwarzo.

Aka ƙirga. 'Yar yayarsa ta ci. Yaron da ya zo na biyu, wanda ƙanen mai sayar da motocin ne, ya ɗaga hannu ya ce, "Malama, kawunta ya tafi da akwatin a babur."

Ta fito ta same shi a baranda. "Ka fita da akwatin?"

"Ƙofa na sa masa, hasken idona. Ko takarda ɗaya ban taɓa ba."

"Ni na yarda da kai. Amma yaran nan ba sonka suke yi ba, balle su yarda ba su gani ba."

Ta koma aji ta soke zaɓen. Sai da ya kai gida ya gane abin da ta faɗa a tsakiyar faɗan, wato ita tana sonsa, ya rasa ko murna zai yi ko kuka.

Kafin yamma mai makulli ya kai labari gidan hedimasta, da gishirinsa. Tsohon ya ce, "Wanda ya saci zaɓen yara, me zai bari in ya samu na manya? Kada in ƙara ganin ƙafarsa a ƙofar gidan nan."

Kafintan ya aika saƙo ya fi a ƙirga, shiru. Ya fere katako har ya ɓata ƙafar teburin wani. Daga ƙarshe ya rubuta: "Malamata, na gane. Ni na san ban yi maguɗi ba, amma sanina ba ya amfanin kowa. Ki ba ni dama in tsaya gaban yaran."

Amsa ta zo: "Na ce wa Baba, kullum ina koya wa yara ba a yanke hukunci sai an ji ta bakin mutum, in shi ya yanke maka ba ji ba gani, da wane ido zan koma aji? Ya yi min tsawa, sannan ya ce zai zo ranar da za a sake zaɓen. Ka zo da akwati mai ƙofa, Mai zarto. Kuma ka ci abinci."

Sabon akwatin gefensa ɗaya gilashi ne, ƙofarsa da kwaɗo. Tsohon hedimasta ya zauna a bayan aji, sandarsa tsakanin gwiwoyi. Mai makulli ya jingina da ƙofa. Kafintan ya tsaya gaban allo, ya faɗi abin da ya yi tun daga farko.

Yaron da ya kai ƙara ya miƙe. "Da yayana ne ya tafi da akwatin, ni kuma na ci, za ka yarda?"

"Ba zan yarda ba."

"To me ya sa mu za mu yarda?"

"Kada ku yarda. Ko ni, ko malamarku, ko wanda ya fi mu. Ku sa ido a kan akwatinku."

Aka nuna wa kowa cikinsa fayau, aka kulle, aka sake zaɓe. Tsohon da kansa ya ƙirga, yana ɗaga kowace takarda sama. Yara sun gaji da rigimar manya, sai suka kayar da 'yar yayar kafinta da ƙanen mai motoci gaba ɗaya, suka zaɓi wata shiru-shiru da ke ara wa kowa biro.

Mai makulli ya ja tsaki, ya ce wasan yara ne, ya fice. Kafintan ne ya fara tafi, ya kuma tura 'yar yayarsa ta je ta yi wa sabuwar monita murna, tana tafiya tana harararsa.

A baranda tsohon ya tare shi. "Na tsufa ina naɗa monita da bakin bulala, ban taɓa bari yaro ya yi min tambaya ba. Kai sun titsiye ka, ba ka ɗaga murya ba. Wauta ka yi, ba sata ba. Wauta kuwa ana aure da ita, duk mun yi." Ya juya ga 'yarsa. "Ke kuma, tunda an ce sai an ji ta bakin mutum, kina sonsa?"

Ta sunkuyar da kai. "Ƙuri'a ai sirri ce, Baba."

"Sirrin da ya hana ki cin abinci a gidana. Kai, ka turo manyanka."

Bayan damina aka ɗaura aure. Gado da kujeru duk shi ya ƙera, amarya ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana duba ko akwai wanda ya manta bai yi wa ƙofa ba. 'Yar yayarsa ba ta yi masa magana ba sai ranar bikin, shi ma don ta karɓi kuɗin ɗinki. Akwatin yana nan a ajin, kowace shekara sabbin yara na leƙa gilashinsa kafin su jefa takarda.

Allah ya ba su zaman lafiya da 'ya'ya masu tambaya. Ya bar su tare har furfura, in kuma lokacin tafiya ya yi, kada ɗaya ya riga ɗaya da nisa.