Katako Huɗu a Ƙarƙashin Kujera

Kwana tara da sallamo ta daga asibiti, Shiru-shiru tana tsaye a tsakiyar falo, hannu ɗaya dafe da bango, tana kallon kujerarta da aka rage wa tsawo. Jiya da yamma kujerar tana bisa katako huɗu masu kauri waɗanda kafintan maƙwabta ya yanka mata. Yau da safe katakon sun koma ƙarƙashin firijin matar Kawu, wai ruwa yana taɓa ƙafafunsa idan ana goge ƙasa. Ba ta ce komai ba, dama rashin cewar ne ya jawo mata laƙabin. Ta ci gaba da tsayuwa har ƙafarta mai lafiya ta fara rawa, hawaye suka sauko mata ba tare da ta kira su ba.

Shekararta ashirin da huɗu, marainiya ce gaba da baya. Ciwon sikila da aka haife ta da shi ya cinye mata kan ƙashin ƙugu na hagu a hankali, har ta daina zuwa shagon buga takardu inda take aiki, aka yanke aka sa mata na ƙarfe. Ranar sallama likita ya zaunar da ita da Kawu, ƙanen mahaifiyarta da ya riƙe ta, ya yi musu magana dalla-dalla: ta riƙa tafiya kullum da ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, amma har sati shida kada ta sunkuya, kada ta zauna a kan abu mai ƙasa, in za ta kwanta ta sa matashi tsakanin gwiwoyinta. In ƙashin ya goce sai an sake buɗe ta, jikinta kuwa ba lalle ya ɗauki aiki na biyu ba, tana iya ƙare rayuwarta a keken guragu. Kawu ya ji, ya kira kafinta aka ɗaga kujera, sannan ya hau babbar motarsa ya kama hanya, don shi direban dogon zango ne. Matarsa ba ta je asibitin ba, ta ce warin magani yana tayar mata da zuciya.

Shekara bakwai Shiru-shiru ce shara, ita ce wanki, ita ce wanke-wanke a gidan nan. Yanzu da tsintsiya ta dawo hannun mai ita, sai matar Kawu ta gano ashe gidan yana da faɗi.

“Anti, don Allah katakon nan...” in ji Shiru-shiru cikin ƙaramar murya.

“Wane katako? Sarauniya! Kujerar da kowa ke zama ke ta yi miki ƙasa? Ni fa abin yana ɗaure mini kai. Ƙafar da ta iya zirga-zirga safe da yamma, ita ce ba ta iya sunkuyawa ta ɗauki cokali? Wannan ciwo naki akwai shi da zaɓen aiki!”

Bayan katako sai matashi, aka ɗauke shi saboda baƙin da ba su zo ba. Bayan matashi sai ƙarfen dogarawa, wai yana karce tayil, ƙararsa kuma tana sa mata ciwon kai. Aka jefa shi ɗakin ajiya aka danna kwaɗo. Shiru-shiru ta koma cin abinci a tsaye, salla a gefen gado, ta naɗe zanenta ta mai da shi matashi. Tafiyar da likita ya ce ta yi kuwa ba ta fasa ba: tayil ashirin da biyu ne daga ƙofar ɗakinta zuwa ƙofar fita, tana bin bango tana taka su ɗaya bayan ɗaya, tana cije leɓe tana cewa, “Ya Allah, kai ne gatan wanda ba shi da kowa, ka riƙe mini ƙafar nan.”

Abin da ya fi yi mata ciwo shi ne wayar Kawu. Matarsa ta riga ta cika masa kunne, don haka bai ko tambayi jikinta ba.

“Ɗiyata, ban san ki da haka ba. An ce kin warke, kina yawo, amma ko tsinke ba kya ɗagawa. Haka za ki saka wa matar da ke ɗawainiya da ke?”

“Kawu, likita ne ya ce...”

“Ina wurin ai! Amma komai da iyaka. Ki ba ta haƙuri.”

Ta ba da haƙurin. Da wayar ta katse ta kifa goshinta a bango ta yi kuka mara sauti, ta tuna mahaifiyarta wadda ko zazzaɓi ta yi sai ta goya ta. “Wayyo Mama, da kina nan...” Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Ranar da aikin ƙugunta ya cika sati uku, da hantsi, matar Kawu ta yanke shawarar kama ɓarawo da kaya a hannu. Ta jingina wayarta a saman kantar falo, ta kunna bidiyo, ta laɓe. Shiru-shiru ta fito kamar kullum, ta taka tayil ashirin da biyu, ta juyo ta sake taka su. Sai matar ta faɗo falon tana tafa hannu.

“Na kama ki! Yau ƙarya ta ƙare!” Ta turo wata 'yar guntuwar kujerar roba da ƙafa, ta dire robar wanki a gabanta. “Zauna ki wanke mini kayan nan.”

“Anti, ki yi wa Allah, ki ɗora mini a kan tebur in wanke a tsaye. Wallahi zan wanke duka. In na zauna a nan ƙashin zai goce!”

“Ya goce mana! Wa ya aike ki zuwa duniya da rabin lafiya? Uwarki ta mutu ta huta, ta bar mu da jinya!”

Ta dafa kafaɗunta biyu ta danna ta ƙasa. Wani sauti ya fita daga ƙugun yarinyar, ƙas! Ihun da ta yi kuwa sai da ya tsayar da zarton kafinta a bayan katanga. Shi da matarsa ne suka ɗauke ta zuwa asibiti, ƙafar hagu ta karkace ciki, ta gajarce. Matar Kawu ba ta bi su nan take ba. Sai da ta ɗauki wayarta, ta kashe, ta tura bidiyon ga mijinta da dangi da matan unguwa, ta rubuta a ƙasa: ku ga mai ciwon ƙarya. Ba ta tsaya ta kalla ba, ai a ganinta ta san abin da ke ciki.

Kawu yana kan hanyar dawowa kafinta ya kira shi ya faɗa masa, bai buɗe saƙon ba, asibiti ya zarce. Ya tarar da matarsa a barandar ɗakin likita tana sharar ƙwalla da gefen mayafi.

“Likita, rawar kai ce ta ja mata,” in ji ta. “Na hana ta yawo ta ƙi ji. Ga shaida, duba da idonka!”

Likita ya karɓi wayar. Ya kalli tafiyar, ya gyaɗa kai. “Wannan ni na sa ta. Amma ina ƙarfen dogarawarta? Kuma wancan katakon da ke ƙarƙashin firiji, ba na kujerarta ba ne?” Matar ta miƙo hannu za ta karɓe, ya ɗaga nasa. “Dakata, Hajiya, bai ƙare ba.”

Muryar matar daga cikin bidiyon ta cika barandar, kalma bayan kalma, har da zancen uwar da ta mutu ta huta. Uwar nan kuwa yayar Kawu ce, ciki ɗaya. Da ƙarar ƙashin ta fito, wata ma'aikaciyar jinya ta toshe bakinta ta juya baya. Kawu ya sulale ya zauna a ƙasa, ƙaton mutum, yana kuka kamar yaro. “Innalillahi... ni na ce ta ba ki haƙuri! Ni da bakina!”

Matar ta ja mayafi ta rufe fuskarta. Wayar da ke hannun likita sai ƙara take, dangi ne da matan unguwa, kowa ya kalla har ƙarshe. Masu magana sun ce in za ka gina ramin mugunta gina shi gajere. Ita nata ta gina shi da zurfi, ta kuma gayyaci jama'a kallo. Ranar ba ta koma gidan ba. Kayanta ne suka bi ta gidan yayanta, shi ma da ƙyar ya buɗe mata ƙofa.

Allah ya taimaki Shiru-shiru, an mai da ƙashin mazauninsa ba tare da an sake yanka ta ba, sai dai lissafin sati shida ya koma farko. Kawu ya ajiye mota ya zauna jinya. Da hannunsa ya ciro katakon daga ƙarƙashin firiji, ya kira kafinta ya ce a wannan karon a buga musu ƙusa. Da ya durƙusa gabanta yana neman gafara, ta ce, “Kawu, tashi don Allah, ka san ba ni da halin sunkuyowa in ɗaga ka.” Ya yi dariya hawaye na zuba.

Wata huɗu bayan haka, da safe, ta fito daga ɗakinta da jakar aikinta a kafaɗa, babu ƙarfe, babu dafa bango. Kawu yana tsaye yana ƙirga mata tayil a bayyane. Da ya kai ashirin da biyu ya yi shiru, don ƙirgarsa ta ƙare. Ita kuwa ta buɗe ƙofa ta ci gaba da tafiya.