Shatin Hannu a Farar Riga

"Auta! Wanki kike yi a banɗakin nan ko rijiya kike haƙawa?"

"Ga ni nan fitowa, Umma!"

Ba ta da niyyar fitowa. Tana durƙushe gaban bokiti da farar rigar aikinta ta kemis, tana cuɗa kafaɗar dama har yatsunta sun tattare. Ta ɗaga rigar ta duba.

Yana nan.

Shatin hannun namiji, ɓaro-ɓaro, har da babban yatsa.

Mai hannun shi ne Na-Sama, ɗaya daga cikin masu datse bishiyoyin bakin titi. Ita ta raɗa masa sunan, don kullum daga kan reshe yake gaishe ta. Tun da aikinsu ya iso layin kemis ɗin ya kamu da wani ciwon kai mai ladabi, wanda ba ya tashi sai lokacin da ita ce a kantar sayar da magani.

"Yau ma kan ne?"

"Shi ne, likitata. Amma ina shigowa ya fara sauƙi."

Ranar da abin ya faru ta fito ne ta miƙa masa ruwa, wani reshe ya ɓalle ya nufo kanta. Ya fizgo ta ta kafaɗa, hannunsa kuwa duk danƙon bishiya. Sau ɗaya ke nan ya taɓa ta a rayuwa, shi ma don kada ta mutu. Amma danƙo ba ya bayani.

Abokiyar aikinta, wadda kowa ke kira Rediyo, ita ta fara gani. Rediyo ta daɗe tana yi wa Na-Sama murmushin da bai taɓa lura da shi ba.

"Wayyo ƙawata! Maza ki zuba masa tafasasshen ruwa, ki bi da dutsen guga. Tas zai fita!"

Auta ta bi shawara. Danƙon da dā sai an ƙura ido ake ganinsa ya narke, ya shige cikin zare, ya yi ƙasa-ƙasa. Yanzu ko makaho ya shafa zai ƙirga yatsun.

Ƙofar banɗakin ta buɗe. Umma ce, wayarta a hannu, hoton kafaɗar da aka turo mata a kan gilashin.

"Hannun wa ye wannan?"

"Umma, reshe ne ya..."

"Reshe? Yaushe reshe ya fara fitar da yatsu?"

"Ceto na ya yi, wallahi!"

"Ceto! A tsakiyar titi, da rana tsaka, har ana ɗaukar ki hoto! Na sha wahala na yi miki karatu don ki ƙare a hannun mai hawan bishiya?"

Washegari Na-Sama ya zo da kansa, ya yi wanka ya sa rigarsa mafi kyau, ya durƙusa a ƙofar falo. Umma ta saurare shi har ƙarshe, idonta a kan hannunsa kamar tana gwada shi da hoton.

"Na gode da ka ceci 'yata. Allah ya saka. Kada ka sake zuwa."

Auta tana bayan labule, ta toshe bakinta da gefen mayafi.

Daga nan ta sa wa ranta cewa idan tabon ya fita, fushin Umma ma zai fita. Tunanin banza ne, amma wanda ke cikin so ba ya rasa irinsa. Ta gwada garin sabulu. Ta gwada lemon tsami da gishiri. Ta gwada bilic, rigar ta ƙara haske, hannun ya ƙara fitowa. Ta kankare da wuƙa, ta goge da tsohon burushin haƙori, ta yi kuka a kai. Hawayen ma bai yi komai ba.

Wata la'asar ya tare ta a ƙofar kemis, igiyarsa a kafaɗa, fuskarsa babu fara'a.

"An ce kullum sai kin wanke inda na taɓa."

"Wa ya ce?"

"An ce kin ce ƙazanta ce. Har bilic kika sa."

Ta waiga. Rediyo ta duƙufa tana jera kwalabe kamar ranar ta fara aiki.

"Na-Sama, ba haka ba ne! So nake kawai ya fita, don..."

"Kin sa bilic ɗin ko ba ki sa ba?"

"Na sa, amma..."

Ya kalli tafin hannunsa, baƙi, duk tsaga. Ya sa shi a aljihu.

"To Allah ya sa ya fita, likitata."

"Don Allah ka tsaya!"

Bai tsaya ba. A wannan makon aikinsu ya ƙare a layin, motarsu ta kwashe su zuwa wani gari. Lambarsa ta daina shiga. Rediyo ma ba ta samu komai ba, ita ma haka ta wuni tana leƙen titi.

Auta ta daina wankin. Ta ninke rigar ta sa ƙarƙashin filo. In ta shiga ɗaki sai ta fito da ita ta ɗora tafinta a kan shatin. Nasa ya fi nata girma sosai. Ba ta da hotonsa, ba ta da ko ɗan zobe. Abin da ta yi ta yaƙi da shi, shi kaɗai ya rage mata.

Ta rame. Ta daina gardama. Umma, wadda ta shirya wa rashin kunya, ta rasa yadda za ta yi da shiru.

Wata rana Auta ta dawo daga aiki ta tarar da Umma zaune a bakin gadonta.

"Zo nan, Autata. Na yi tunani... Yaron nan da ladabinsa ya zo. Na yi sauri. Ki ce masa ya dawo."

"Ya tafi, Umma."

"Ina?"

"Ban sani ba."

Umma ta jawo wata leda daga bayanta, tana murmushin mai neman sulhu.

"To ga wannan dai. Na ga yadda ya dame ki."

Auta ta buɗe. Rigar ce, a goge, fara sol. Ta juya kafaɗar dama. Ta juya ta hagu. Ta kai ta bakin taga ta ɗaga ta a rana.

Babu komai.

"Umma... me kika yi?"

"Matar mai wanki da guga ce ta gaya mini. Ɗan sipirit na wanke ciwo a auduga, ki dangwala ki bari ya jiƙa, sai sabulu. Ko hannuna bai gaji ba!"

Auta ta zauna a ƙasa, rigar a cinyarta.

"A ina kika samo sipirit?"

"A kemis ɗinku mana. Yana kan kantar da ke bayan kujerarki."