Gidan da Ba a Raba Ba

Ranar da dillali ya kafa allon sayarwa a ƙofar gidan marigayi, lafiya lau aka wuni. Sai da rana ta faɗi, ana alwalar magariba, dutsen farko ya sauka a kan kwanon rufi. Babban Yaya ya ɗaga kai da buta a hannu. Na biyu ya biyo, na uku ya faɗo tsakar gida ya gangaro gaban ƙafarsa. Da ya taɓa shi, sai ya ji shi da zafi kamar an ciro shi daga murhu.

Babban Yaya mutum ne mai gaggawa, ko shayi a tsaye yake sha. Wata biyu da rasuwar mahaifinsu, maganar gado tana gaban alƙali ba a kammala ba, amma shi har ya samo mai saye, ya tara ƙannensa huɗu sun sa hannu. Wai kafin kotu ta gama jan ƙafa ciniki ya faɗa. Gwaggonsu, ƙanwar marigayi, wadda ke ɗakin baya tun rasuwar mijinta, ba a sa ta cikin magada ba. Ai in mutum ya bar 'ya'ya maza 'yar'uwa ba ta cin gadonsa, wannan kowa ya sani. An dai ce za a nema mata wuri, kuma ba wanda ya nema.

Kwana shida ana jifa, kullum da faɗuwar rana. Ya zagaya layin ya yi wa maƙwabta tijara, ya hau rufi bai ga kowa ba. Daga nan aka fara jin murya a sito, ƙasa-ƙasa, tana kiran sunan marigayi. Babban Yaya ya daina zama wuri ɗaya. Tsoro yake ji ƙwarai, sai dai ya fi tsoron kada mai saye ya ji labari.

A rana ta bakwai, ana gobe za a kawo takardun ciniki, 'yarsa Auta ta yanke jiki ta faɗi a bakin sito. Da ta buɗe ido, ba ita ce ke kallonsu ba.

Malamin da aka ɗauko dattijo ne marar hayaniya. Ya zauna daf da kanta yana karatu har gumi ya jiƙa masa wuya. Can bakin yarinyar ya buɗe, wata tsohuwar murya ta namiji ta fito.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni."

"Wane ne kai? Me ta yi maka?"

"Ba ta yi min komai ba. Jifa na yi, ubanta bai ji ba. Ina gidan nan tun ranar da aka haƙa harsashinsa."

"Ba a gyara da zalunci. Fita."

"Zan fita. Ni ko kango na samu na zauna. Amma a tambayi wannan mai saurin, gidan wa yake sayarwa?"

"Gidan ubana!" Babban Yaya ya faɗa.

Muryar ta yi wata dariya a bushe. "Kakanka ya gina. Ya mutu ya bar ɗa da 'ya. A kan kunnena ubanka ya ce mata, bari kada mu raba, zauna abinki. A cire allon nan, ni kuma in saki yarinya, ba kwa ƙara jin motsina."

Malam ya dubi Babban Yaya. Shi kuwa ya gyaɗa kai, domin a lokacin ko ransa aka nema zai bayar. Auta ta yi atishawa sau uku, jikinta ya saki, ta kira babanta da muryarta ta kullum.

"Alƙali ba ya karɓar shaidar aljani," in ji Malam yana sa takalmi, "kuma suna ƙarya. Amma mai maganar tana raye. Je ka tambaye ta."

Rabonsa da shiga ɗakin baya tun zaman makoki. Ya tarar ɗakin wayam, an cire labule, an naɗe tabarma. Gwaggo na zaune a kan wani ƙullin kaya da carbi a hannu.

"Gwaggo, gidan nan na waye?"

Ta ajiye carbin. "Na babanmu ne. Ni da babanku."

"Me ya hana ki faɗa?"

"In tsaya gaban alƙali da 'ya'yan da na goya? Ba wanda ya tambaye ni." Ta gyara lulluɓinta. "Yaya jikin Auta? In ta samu sauƙi ka nemo min mai ɗaukar kayan nan, tun shekaranjiya na gama ɗaurewa."

Kunya ta rufe Babban Yaya har ya kasa haɗa ido da ita. Ya durƙusa ya kama ƙullin da ke kusa da shi zai kwance. Tsohuwar ta ɗaure shi tamau, ɗaurin wanda ba ya sa ran dawowa, sai da ya sa haƙori.