Injiniya Biyu a Layi Ɗaya

Ranar Talata, sha huɗu ga watan Agusta, shekarar 2007, gari ya waye da yayyafi wanda bai tsaya ba, bai kuma ƙaru ba. Auta na zaune a bakin gado, ta buɗe fayil ɗin takardunta a kan cinya. Shekara biyu ke nan da ta gama digiri a fannin injiniyan gine-gine. Takardar neman aiki talatin da ɗaya ta aika, wuri ɗaya kawai ya kira ta intabiyu, wani kamfani mai gina gadoji. Yau sati uku cur da manajan ya ce mata, "Za mu aiko da amsa a rubuce, har gida."

Umma ta leƙo ɗakin, ta girgiza kai.

"Auta, takardun nan sai sun yage don kallo. Tashi ki karya."

"Umma, ba wanda ya yi sallama?"

"Mai ruwa ne kawai, shi ma ba injiniya yake nema ba."

Auta ta yi murmushin da bai kai zuci ba. Ba rashin aikin kaɗai ke hana ta barci ba. Akwai Malam, mai koyar da lissafi a sakandare, wanda ya shekara uku yana sonta, ya kuma yi mata alkawarin ba za a sa rana ba sai ta sami aiki. Amma mahaifiyarsa, Hajiya, ta gaji. A makon jiya ta zo har falonsu, ta faɗa a gaban Auta.

"Ni ban ƙi yarinya ba. Sai dai ɗana ba zai tsufa yana jiran wasiƙa ba. Wai ma me mace za ta yi da hular kwano a tsakiyar lebura? Ta shigo gida ta zauna, mu riƙe ta da mutunci."

A ranar Baba ya yanke hukunci. Zuwa ƙarshen wata, in amsa ba ta zo ba, Auta ta ajiye fayil, a yi yadda Hajiya ta ce. Tun daga nan, duk ƙarar babur da ta ji a layi sai ta leƙa taga.

Wajen ƙarfe uku saura kwata aka yi sallama. Malam ne, rigarsa a jiƙe, idanunsa jajir kamar wanda bai runtsa ba. Ya gaida Umma da Baba, ya ƙi zama. Ya zaro ambulan daga aljihu, duk ta yi tabon baƙin mai, ya miƙa wa Auta. Cikakken sunanta ne a jiki, da tambarin kamfanin. An riga an farke bakinta.

"A ina ka samo wannan?" in ji Auta.

"A shagon mai gyaran janareta na bakin layi. Kwana goma tana can. Masinjan kamfani ya zo ya ce ina gidan Injiniya, aka nuna masa shagon. Kin san duk unguwar nan haka ake ce masa. Masinjan ya karanta sunan, ba wanda ya gane, don kowa da Auta ya san ki, sai ya bar ta a shagon ya tafi. Shi kuwa mutumin da ya ga tambari sai ya ɗauka sammaci ne, ya cusa ta ƙarƙashin akwatin sifanoni. Jiya da na kai janaretan Hajiya ya ce in karanta masa a asirce, ya ji laifin da ya yi."

Umma ta dafe ƙirji. Auta ta karanta, layukan na yi mata yawo a ido. An ɗauke ta. Za ta fara da shekara ɗaya a wurin aikin wata gada, tafiyar yini guda daga gida. A ƙasa an ja layi: duk amsar da hatimin gidan waya da ke kanta ya wuce sha huɗu ga wata, za a ba wani gurbin.

Sai a lokacin kalma ɗaya ta dawo mata.

"Jiya ka ce?"

Malam ya sunkuyar da kai.

"Jiya. A aljihuna ta kwana. Na nuna wa Hajiya, ta ce in bari har jibi, ba wanda zai taɓa sani. Ba zan ɓoye miki ba, Auta, na so in bari. Shekara ɗaya ba wasa ba ce. Yau a aji na rubuta lissafi ɗaya sau uku, yara suna gyara mini."

Hawaye suka zubo mata. "To me ya hana ka?"

"Ni zan sani. Duk ranar da muka bi ta kan wata gada, zan kasa kallon fuskarki."

Baba ya sa tabarau, ya karɓi takardar, ya bi ta layi-layi a tsanake, yayin da Auta ke satar kallon agogon bango. Ya naɗe ta.

"Ƙarshen wata na ce, kuma wata bai ƙare ba. Hajiya kuwa ni zan je in same ta da kaina. Macen da ta haifi yaron da ya iya kawo wannan takarda, ba za ta gagara lallashi ba. Ke kuma tsayuwar me kike yi? Ƙarfe huɗu ake rufe gidan waya."

Sau biyu Auta ta ɓata takardar amsa don sauri. Ta ukun Malam ne ya danne mata gefen takardar a kan tebur har ta sa hannu. Suka fito da lema ɗaya, ya bar mata, shi yana tafe cikin yayyafi. A bakin layi mai gyaran janareta ya taso da sauri, yana goge hannu da tsumma.

"A yafe mini, Injiniya. Wallahi ban san mu biyu ne a layin nan ba."

Wannan ne karo na farko da wani ya kira ta da sunan a unguwar. Ta ɗaga masa hannu, suka tari tasi.

Huɗu saura minti bakwai suka isa gidan waya, ma'aikacin har ya fara jan taga. Ya dubi fuskarta, ya fasa. A nan Auta ta gane abin da ba a koya mata a jami'a ba: haƙuri yakan kawo rabo har bakin layi, amma sai mai amana ne ke ƙarasa da shi gida, kuma wanda ke sonka da gaske ba ya ɓoye alherinka don ya riƙe ka.

Ta liƙa kan sarki. Ma'aikacin ya buga hatimi, ta duba kwanan watan sau biyu.

"Shekara ɗaya," ta ce a hankali.

"Kwana ɗari uku da sittin da shida, don Fabrairun baɗi kwana ashirin da tara ne," in ji Malam. "Na iya lissafi."

Ta saki wasiƙar cikin akwati, ta tsaya har ta ji faɗuwarta.