Tukunyar Otal ɗin Kawunsa

Warin ne ya fara tarbata tun daga ƙofar kicin.

Kuku na tsaye yana kwashe naman da baƙi suka ci suka rage a faranti, yana mayarwa cikin tukunya. Har da wanda aka gatsa. Kyankyaso ya gifta ta kan katakon yanka, ko kallonsa bai yi ba.

"Malam, me nake gani haka?"

"Umarnin Maigida ne, Manaja. In ya tafasa ai ya koma sabo."

Da ƙyar na kai bakin famfo kafin na yi amai.

Shekaru na yi a kwaleji ina karatun kula da otal, dangi na yi min dariya wai na je koyon gyaran gado da takardar shaida. Da na gama na yi yawon neman aiki har takalmina ya cinye. Dogo, saurayina, shi ya samo min wannan a otal ɗin kawunsa. Kawun ne ya riƙe shi tun rasuwar mahaifinsa, shi ne kuma zai tsaya masa a aurenmu.

Na sa aka zubar da tukunyar. 'Yar kawun, wadda ke teburin karɓar baƙi, ta daɗe tana son Dogo. Kafin a jima ta kai wa ubanta labari, da gishirinsa.

Da yamma Dogo ya same ni a bayan sito.

"Zumata... ki daure ki ba Kawu haƙuri."

"Haƙurin me? Ragowar bakin wani ake sayar wa mutane."

"Ki kau da kai har a ɗaura mana aure, rabin raina. Umma ma har ta fara cewa za ki raba mana zumunci."

"Kai kana cin abincin nan?"

Ya sosa ƙeya yana dariya.

"Haba, ni da na san sirrin tukunya? Tun ina yaro ban taɓa kai shi bakina ba."

Na tsura masa ido.

"Amma ranar da ka gayyato iyayena nan... da hannunka ka riƙa zuba wa Babana."

Ya ce a hankali, "To ai bai yi masa komai ba."

Ya miƙo hannu zai kama mayafina. Na kalli yatsun nan da na daɗe ina yaba kyansu, na ja da baya.

"Kar ka taɓa ni."

A ranar na ajiye aikin, washegari yayana ya mayar musu da kayan aurensu. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, amma ko sau ɗaya ban ɗauki wayarsa ba. Sai da na sake cinye wani takalmin kafin na samu gurbi a wani ƙaramin masauki.

Har yau ban gaya wa Baba dalili ba. Duk lokacin da zancen ya taso sai ya girgiza kai ya ce, "Kin yi asarar yaron kirki, 'yar nan. Ga ladabi, ga hannun kyauta... ko loma bai kai ba sai da ya ga na ƙoshi."